Ban Sa Hannu A Ramin Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fata rahamar Allah ta lulluɓe makwancinki. Ko da kina raye ba ki karanta boko, na sani. Amma ke kaɗai zan gaya wa wannan magana ba ki ce mini in yi haƙuri ba. Na ƙoshi da jin kalmar nan, Inna.

Kin tafi kin bar ni ina koyar da wasannin motsa jiki a makarantar 'yan mata nan Kaura Namoda, aikin da kike yi mini ba'a da shi, wai na yi dogon karatu don in koya wa ɗiyan mutane alkafura.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, aka ce 'yan mata su daina tsalle a fili inda maza ke wucewa. Ban yi musu ba. Muka koma wani tsohon ɗakin taro, daɓensa siminti. Na ce ba wadda za ta juya a sama ta sauka a kan siminti ina tsaye. Wata shida ina naci kafin a haƙa mini rami a kusurwa, zurfinsa ya kai ƙirjina. Na bi masu ɗinka kujeru na gari da na kasuwar Shinkafi ina roƙon guntayen soso, ina zubawa a ramin, manya a ƙasa, ƙanana a sama, har ya cika.

Kin tuna masussukarmu a Ɗan Isa? Bayan an sheƙe dawa, mukan hau katanga mu diro cikin tsibin ƙaiƙayi. Ba ki taɓa hana ni ba, ko da maƙwabta suna cewa kina renon biri. Sharaɗinki ɗaya ne: sai kin zo kin cusa hannu har kafaɗa. Wata rana kika zaro karyayyar taɓarya daga ciki, kika nuna mini, kika ce, “Tsibi munahuki na, ɗiyata. Kada ki yarda da samansa.”

Shekara biyu ina cusa hannuna a ramin nan kowace safiya.

A hutun da ya wuce aka yi taron kwana uku a makaranta, baƙi suka fi katifu yawa. Shugabarmu ta ce a ari manyan soson ramin a shimfiɗa musu. Baƙo ba ya kwana a ƙasa, ai kin san mu. Kin kuma san yadda aro yake a garin nan: yana da ƙafar tafiya, ba shi da ta dawowa. Da aka ji masu duba makarantu za su zo, aka ce wa mai gadi ya san yadda zai yi ramin ya cika, kada a ji kunya. Bawan Allah ya jera buhunan yashi a ƙasa, ya watsa ƙananan guntaye a kai, ya share gefe tas. Ba wanda ya gaya mini. Shi a ganinsa gyara ya yi.

Ranar Litinin na tarar masu duba makarantun har sun zauna, shugaba tana yi mini alama da ido in fara nuna musu wasan 'yan matan. Na kalli ramin, ga shi cike. Na ji nauyin in durƙusa ina lalube gaban manyan mutane. Na kira Balkisu, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda ta fi kowa iyawa.

Ba zan rubuta miki ƙarar da na ji ba.

Daga asibiti a Gusau aka ce ƙashin bayanta ne, kuma Allah kaɗai ya san ko za ta sake takawa. Mahaifinta manomi ne daga Gurbin Bore. Da ya zo ɗaukar akwatinta bai zagi kowa ba. Ya roƙa a nuna masa wurin, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu. Ko gwiwar hannu bai kai ba ya taɓa buhu. Ya dube ni ya ce, “Malama, mu ko jaki za mu tsallakar da rahi, sai mun sa sanda.” Da mari ya yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Aka kawo mini takarda in sa hannu, an rubuta ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, Inna, amma ba ita ta ɗauko buhunan yashi ba. Littattafan fiƙihun da Baba ya karantar da ni sun ɗora alhaki a kan wanda ya haƙa rami a hanyar mutane. Mun yi ta murna Shari'a ta zo, ashe ɓangaren rufe ƙofa kawai muke so. Na mayar musu da takardarsu, na rubuta tawa, na fara da sunana.

Yanzu kwamiti ya gano mai laifi: ramin. Wai da babu shi, da ba yarinyar da za ta yi gangancin tashi sama haka. An cike shi ranar Alhamis, an yi masa daɓe. Ni kuma aka sauya mini aiki, aka ba ni makullin ɗakin karatu. Har gobe ina cewa ba a koyon alkafura sai da wurin faɗuwa mai laushi, domin duk mai koyo sai ya faɗi. Sai dai ramin da ba a sa masa hannu ya fi siminti mugunta. Siminti ba ya ƙarya, yarinya tana ganinsa ta ji tsoro. Balkisu ba ta ji tsoro ba, saboda ni na kira ta.

Ranar Asabar na hau babur zuwa Gurbin Bore. Tana kwance a ɗakin uwarta. Ta sa aka yaye zane, ta motsa mini babban yatsan ƙafar hagu, ɗan kaɗan, sau biyu. Sannan ta jira uwarta ta fita, ta tambaye ni a hankali ko juyin nata ya cika kafin ta sauka.

Ya cika, Inna. Ban taɓa ganin mai kyau irinsa ba. Na gaya mata haka, na fito bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ki.

Allah ya tashi kafaɗun Balkisu, ya mayar mata da ƙafafunta. Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe mini abin da kika koya mini na bari don kunyar baƙi.

Ɗiyarki mai taurin kai,
Hajara