Yarinyar Asabar a Gidan Inna

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ki barina in kai ƙarshen zance.

Albishir nake tafe da shi. Autata za ta karɓi lambar yabo a taron ƙarshen zango na makarantarsu. Da ta faɗa mini na ɗauka a lissafi ne, sai ta ce a'a, ta taimakon jama'a ce. Wai 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suna da ƙungiya, an raba musu tsofaffin unguwa, kowa yana zuwa wurin nasa ranar Asabar, ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya taya hira. Ni dai har yanzu ban gane yadda shara ta zama abin ba da kyauta ba. Yarinyar da sai an yi mata magana sau uku take ɗauke kofin da ta sha shayi, ita ce za a tafa wa a gaban jama'a. Amma na ji daɗi ƙwarai, har na kai rigata wurin guga.

Aiki ya yi yawa, wani sabon gini muke saka wa wuta, ba na shiga gida sai yamma lis. Inna tana lafiya, na aika mata kayan abinci da mai babur kamar yadda na saba.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Dogo

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, kuma na bar ka ka kai ƙarshen zance tunda ba yadda zan yi.

Allah ya yi wa Auta albarka. Ni ban yi mamaki ba, domin Inna ta riga ka ba ni labari. Duk ranar da na kira ta, zancen ke nan: yarinyata ta Asabar ta share mini tsakar gida, ta jera mini magungunan hawan jini na safe daban na dare daban, ta karanta mini abin da aka rubuta a jikin kwalba. Har ƙwan fitilar hanyar banɗaki da ya daɗe a mace, wai ta hau kujera ta canza shi. Na ce to, 'yar mai gyaran wuta ce, a gida ta gani.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Inna ta ce yarinyar takan cire tabarau ta goge da gefen mayafi kafin ta fara karatu. Yaushe Auta ta fara saka tabarau ba ka gaya mini ba? Ciwon ido ba abin ɓoyewa ba ne. Ka kai ta wurin likita na gaske, ba masu sayarwa a bakin titi ba.

Ka gaida matarka.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, kaina ne a juye.

Idon Auta lafiyarsa ƙalau, ba ta taɓa saka tabarau ba. Kuma ba gidan Inna take zuwa ba. Wani tsohon tela ne aka ba ta, can bayan tashar mota, wanda hannunsa yake rawa, ita take zura masa zare a allura. Da na karanta takardarki sai na ce ko Inna ta fara rikicewa ne.

Jiya na biya makarantar in karɓi katin gayyata. A bakin ofis akwai allon sanarwa, an lilliƙa hotunan yaran da za a karrama. Na ga Auta da telanta, na yi murmushi. Kusa da shi sai ga wata yarinya mai tabarau riƙe da tsintsiya, a bayanta ƙofa shuɗiya mai tsaga daga ƙasa. Yaya, ni na shafa wa ƙofar nan fenti. Kuma ga Inna zaune a kan kujerarta ta roba tana dariya, haƙora a waje. A ƙasan hoton an rubuta: tsohuwar da ba ta da mai leƙa ta.

Na shiga wurin malamar da ke kula da ƙungiyar, na nuna mata hoton, na ce, "Malama, wa ya ce muku matar nan ba ta da kowa?"

Ta ce, "Ni da kaina na je na same ta kafin mu tura yarinya. Ka san ta ne?"

Na ce, "'Yar unguwarmu ce."

Ta ce, "To madalla. Ita ma za ta zo taron, a layin gaba za mu zaunar da ita. Idan kun san danginta ku yi musu magana, baiwar Allah nan ta yi kewar mutane."

Na fito ban ma karɓi katin ba, sai da maigadi ya biyo ni da shi. Ki duba mini wannan al'amari. A ɗaki ɗaya, a rana ɗaya, za a kira 'yata a yaba mata don ta kula da tsohon wasu, a nuna uwata a ce ba ta da kowa, ni kuma ina zaune da gogaggiyar riga. Rabin iyayen nan na taɓa gyara musu wuta, sun san ni, sun san Inna. Wata bai taɓa ƙarewa ban aika mata kaya ba. To ta ina aka samu wannan magana?

Ƙaninki, Dogo

Zuwa ga Dogo,

Na gaishe ka. Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, duk ban gane ba.

Na kira Inna na tambaye ta wace ce yarinyar. Ta ce, "Yarinyar Asabar mana." Na ce 'yar wa ce? Ta ce ba ta tambaya ba, ta ji kunya ta tambayi mai share mata gida takardar haihuwa. Sai ta shiga ba ni labarin kyanwar maƙwabta. Ka san Inna idan ba ta son zance.

Ba zan ɗora maka laifi ba, don ni ma a waya nake 'ya. Amma ina da tambaya. Mai babur ɗin nan da kake aikawa, yana zama ya sha ruwa, ko a bakin ƙofa yake ajiyewa? Kuma makaranta ba ta bi gida-gida tana neman tsofaffi, wani ne ya kai sunan Inna. Ka tambayi Auta, a hankali, ba da wannan muryar taka ta kan tsani ba.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa. Na tambaye ta, kuma a hankali, kina iya tambayar uwarta.

Ita ce ta kai sunan Inna. Wai ranar da aka ce kowa ya kawo sunan tsohon da ya sani yana zaune shi kaɗai, ta kawo sunan kakarta, ta ce ita za ta riƙa zuwa. Malama ta ce dokar ƙungiya ta hana, hidimar dangi ba ta shiga cikin aikin jama'a, wannan wajibin gida ne. Sai ta yi shiru a kan dangantakar a gaban sauran, ta roƙi ƙawarta mai tabarau ta karɓa, ita kuma ta ɗauki telan. Ita malamar, da alama ta manta wa ya kawo sunan wa.

Na ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Baba, na gaya maka fitilar Inna ta mutu, ka ce za ka duba."

Ban san ko faɗa zan yi mata ba ko godiya, sai na ce ta je ta yi aikin makaranta.

Ranar Asabar na ɗauki jakar aikina na tafi. Daga bakin ƙofa na jiyo muryar yarinyar tana karatu, Inna tana ƙyalƙyala dariya irin wadda na daɗe ban ji ba. Na tsaya na rasa yadda zan shiga, a matsayin ɗan gida ko baƙo. Ƙarshe na rubuta 'yar takarda na zura ta ƙarƙashin ƙofa, na roƙi Inna ta aika wa malamar cewa tana da 'ya'ya, a cire rubutun nan kafin taro. Ban sani ba ko daidai na yi.

Ƙaninki, Dogo

Zuwa ga ɗana Dogo,

Ina gaishe ka, kai da iyalinka. Yarinyar Asabar ce take rubuta mini, don haka kada ka ga rubutun ya yi kyau ka yi mamaki.

Ta karanta mini takardarka. Mun ji tsayuwarka a ƙofa, jakar nan taka tana ƙara, na ce a bar ka, ƙofar ba a kulle take ba.

Ni ban yi wa kowa ƙarya ba. Malama ba ta tambaye ni wa na haifa ba, cewa ta yi wa yake zuwa wurina. Na ba ta amsar abin da ta tambaya, kuma ba zan aika a canza ba.

Taron zan je, in tafa wa jikata, in tafa wa wannan mai rubuta mini. An ce kowane tsoho ya zo da mai riƙe masa hannu a matakala, an ajiye wa mai riƙon kujera a gefen tsohon. Na ce musu ban san wa zai riƙe ni ba tukuna, su bar kujerar gefena a buɗe.

Mahaifiyarka