Ranar Da Na Kira Haulat

Bin Omran, Doha.

Zuwa ga Yaya Ɗalhatu, ka karanta wa Inna.

Salamu alaikum. Inna ina wuni, ya ƙafar? Ya Gumel, ya su Fausiya? Ni ce Raliya. Maƙwabciyata Awawu, 'yar Kumasi, ita ke rubutawa ina faɗa, tunda kunnen Inna ba ya ɗaukar magana ta waya. Yaya ka karanta da ƙarfi, kuma kar ka gyara min magana.

Muna lafiya. Maigidan yana gaishe ku. Yarinyar ma ƙalau, sai ƙiriniya.

Saƙon Inna ya iso, cewa tunda ƙanen maigidan, Surajo, zai zo gida hutu daga nan Doha da matarsa ƙarshen wata, a haɗo su da yarinyar ta zauna wajen Inna, yadda ake yi da ɗan fari. To. Duk abin da Inna ta ce. Sai dai tana ɗan tari. Kuma ba ta cin abinci sai an yi mata wasa. Ba wai ina cewa wani abu ba ne.

Inna, ga abin da ya hana ni sukuni. Wajen aikinsu maigidan za su kai ma'aikata da iyalansu tsibiri ran Juma'a. Tsibiri wai ƙasa ce a tsakiyar teku, ruwa gaba ruwa baya. Ni na ga tekun daga cikin mota. Inna, ba shi da tsallake. Ka duba har idonka ya gaji, sai ka ga ya haɗe da sama. Na ce ba za ni ba, ya ce an riga an rubuta sunanmu, halas, wato an gama magana. Awawu dariya take min, wai su a Ghana a bakin teku ake shan iska.

A sa mu a addu'a. Na gaishe ku ƙwarai.

Raliya.

*

Gumel.

Zuwa ga ƙanwata Raliya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Garzali da Haulat, kamar yadda muke a nan.

Na karanta wa Inna wasiƙarki ba tare da na gyara ko kalma ɗaya ba, duk da cewa akwai wuraren da suka buƙaci gyara.

Game da tsibiri, Inna ta ce tunda mijinki ya yanke, ki bi shi, amma kada ki saki hannun yarinyar. Ni kuwa ina ganin kallon halittar Allah abu ne mai kyau, ki buɗe ido ki ba mu labari.

Game da tarin Haulat, Inna ta ce a gida ma akwai zuma. Ta ce ta ji daɗi da har yanzu ba ki ambaci sunan 'yar fari ba, alamar zaman waje bai cire miki kunya ba. Ta tuna miki cewa ni ma, ɗan farinta, ina barin nono aka kai ni wajen kaka, kuma ban lalace ba. Ta riga ta sa an ɗinka wa yarinyar, takwarar ƙanwarta, kaya, ta kuma ware mata 'yar akuya. A shirya ta kafin Surajo ya taso.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Yayanki,
Ɗalhatu.

*

Bin Omran, Doha.

Yaya, salamu alaikum. Inna ina kwana. Mun dawo, kowa lafiya, na fara faɗin wannan don kar gaban Inna ya faɗi. Yaya ka zauna kusa da kunnenta mai kyau.

A jirgin katako muka tafi. Mai jirgin yana ta yalla yalla, wai mu yi sauri, ni ƙafata ta ƙi hawa, sai da Awawu ta turo ni ta baya. Na rufe ido ina salati, yarinyar a cinyata. Da na buɗe, Inna, dogayen benayen Doha sun koma kamar ashana an kafa a ƙasa. Ruwan kuma ba kalar ruwa ba ne. Kusa kore, can gaba shuɗi kamar an juye baba. Kana hango ƙasansa. Kifaye suna tafiya a jere, su juya gaba ɗaya lokaci guda, ba wanda ya yi musu magana.

Tsibirin yashi ne fari, ba gida ko ɗaya. Da ka taka sai ƙananan ƙaguwa su watse, da gefe suke gudu, kowace ta san raminta. Na ɗanɗana ruwan, gishiri zalla. Duk wannan ruwa, Inna, ba mai iya shan moɗa ɗaya.

Maza suka zagaya bayan tsibirin gasa kifi da ninƙaya. Mu mata muka shimfiɗa tabarma. Sai na ga abin da ban taɓa ji ba. Ruwan ya tafi. Ba wanda ya ɗiba, rana ba ta shanye ba, ja da baya kawai ya yi ya bar fili mai faɗi, har da wata doguwar hanya ta yashi. A ƙarshen hanyar ga wasu tsuntsaye, dogayen ƙafafu kamar kara, wuya kamar igiya, jikinsu ja-ja kamar an wanke lalle. Suna tsaye a ƙafa ɗaya, kansu a cikin ruwa. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda Ya yi wannan Ya ajiye a inda ba mai gani.

Ni a sanina, in kududdufi ya janye, ya janye ke nan sai wata damina. Ba wanda ya gaya min na nan yana dawowa a yinin. Shi ya sa na saki hannunta, na ce ta tsinci kwanson da ruwa ya bari. Awawu ta tafi alwala. Ni kuma ina kallon tsuntsayen nan, na manta kaina.

Da na waiwayo, tana can tsakiyar hanyar yashin, ta nufi tsuntsayen. Ruwan kuma ya dawo. Ba da ƙara ba, ba da gudu ba, a hankali ya zagayo ta bayanta ya yanke hanyar tsakanina da ita. Gabanta kuma yashin ya kusa ƙarewa.

Na ce ke. Na ce ke yarinya. Na ce ke wannan. Iska ta kwashe. Dama ta saba, kullum ke nake ce mata, ta mai da shi kamar kukan fanka. Tana ta tafiya, ruwa ya kai mata idon sawu.

Inna, na kira ta. Na buɗe baki gaban matan mutane na ce Haulat.

Ta tsaya cak. Ta juyo tana neman mai kiran. Na sake cewa Haulat, tsaya nan, kar ki motsa. Na shiga ruwan da zanena, ya kai min gwiwa, ya kai min cinya, ban ma san na shiga ba. Na ɗauke ta na saɓa a kafaɗa. Sai tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya ta kanmu, ƙarƙashin fukafukansu ja da baƙi, sama ta rufe. Ni da ita muka tsaya a cikin ruwa muna kallo.

Sai ta kama kunnena ta ce, "Umma, ashe kin san sunana?"

Awawu ta ce, "Ku mutanen Najeriya, ku haifi abu da wahala, ku dinga jin kunyarsa kamar kun sato." Na ce kar ta rubuta wannan, na ga hannunta yana motsi.

Inna, tarin ya warke tun tuni, dama ba wani tari ba ne. A nan ba kaka, ba gwaggo, daga ni sai ita a ɗaki tun safe har maigidan ya dawo. Na san ba a faɗa. Amma bakin da ya riga ya kira, bari ya ƙarasa. Ina son 'yata. Ina roƙon Inna ta bar min ita. In Inna ta ce a'a, zan haɗa kayanta in ba Surajo, ba zan yi musu ba.

A yafe min rashin kunya.

Raliya, uwar Haulat.

*

Gumel.

Raliya,

Bayan gaisuwa. Ga maganar Inna yadda ta faɗa:

"Ki riƙe abarki. Surajo ya taho min da kwanson da ta tsinta. Akuyar tana nan, in ta haihu na gaya muku. Kuma ruwan da ke tafiya ya dawo, kar a ƙara sakin hannu a gabansa."

Sau biyu ta sa na karanta mata wurin da kika yi kiran. Da na gama rubuta amsar, ta daɗe tana kallona, har na zaci akwai ƙari. Sai ta ce, "Kai, ka sa sunanka a ƙasa?" Na ce zan sa. Ta ce, "To sa, ka karanta min. Da ƙarfi, ka san kunnena."

Na karanta. Ta ce ba ta ji ba, in sake.

Yayanki,
Ɗalhatu.