Damin Raken Inna

Takur, Dutse,
Laraba.

Zuwa ga Yayata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Haɗeja. Yaya ƙafar taki? Mu nan sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a hannun direba alhali ga waya. Surukata Inna ce ta zo daga Jahun, ɗakinta yana jikin nawa, kuma kunnenta bai tsufa ba.

Yaya, Baban Afra'u ba shi da lafiya. Ya daɗe yana kukan gajiya da wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Da wansa, Yaya Yahuza, ya shigo Dutse sayen taki sai ya ja shi asibiti, shi ma ya ce a duba shi tunda an zo. Aka ɗebi jininsu, aka yi musu hoton ciki. Kin dai san su. Yaya Yahuza in ya shiga a-daidaita-sahu an gama lodi, maigidana kuwa ko agogo ya saya sai an ƙara masa huda. To, hantar mai ƙibar ce ta fito tas. Ta siririn ce kitse ya lulluɓe, ga sukari ya fara hawa a jininsa.

Likita ya ce gaskiya ne ƙiba tana jawo ciwon, amma rama ba ta kare kowa, don akwai jikin da ke ɓoye kitsensa a ciki. Da ya tambayi abincinsa sai na sunkuyar da kai: shayi kamar zuma da burodi, lemon kwalba bayan kowane abinci, zaman ofis har la'asar, masallacin bayan gida ma a babur ake zuwa. Yaya Yahuza kuwa yini yake yi a gona. An ce idan ya bar zaƙi ya riƙa tafiya da ƙafa hantar za ta iya warwarewa. Idan bai bari ba za ta yi tabo, kuma tabon in ya yi nisa ba ya komawa.

Inna kalma ɗaya ta ji, hanta. Ta iso da damin rake da galan ɗin zuma, don a wajensu mai ciwon hanta da su ake jinyarsa, kamar mai ciwon shawara. Ta ce likita ne ya rikita 'ya'yanta, in ba haka ba ina kitse zai ɓuya a wannan jikin. Ina dafa masa zogale da ɗan tuwo kaɗan, tana tsaye tana kallon kwanon. Tsoro nake ji, Yaya.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Safiyatu.

Takur, Dutse,
Asabar.

Yayata Murja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso, na gode da kifin. Kin ce in yi haƙuri in bi ta a hankali. Na bi, ga inda ya kai ni.

Inna ta sa ya ɗauki hutu ta tafi da shi Jahun. Ta gaya wa matan gidan cewa ina horar da ɗanta da yunwa, wai ni da nake cika kujera na bar shi kamar tsinke. Wannan maganar ta yi mini ciwo, amma haushinsa ya fi cina. Mutumin da ya ji bayanin likita da kunnensa, in Inna ta fere rake ta miƙo sai ya sa hannu biyu ya karɓa. Da na yi masa magana ya ce ba zai iya mayar da hannun mahaifiyarsa ba.

Na je na same shi kwance a tabarma, ɓawon rake ya yi tuli a gefensa. Da safe zuma a kunu, da rana fura da sukari, kuma an hana shi ko zuwa bakin titi, wai kada ya ƙara zubewa. Ruwa yake sha ba ƙaƙƙautawa, yana zaryar banɗaki, ya kuma raɗa mini cewa idonsa ya fara gani dishi-dishi. Inna ta ɗaga rigarsa tana nuna mini ɗan tumbin da ya fito, fuskarta cike da murna, ta ce in ga abin da kulawa take yi.

Ban san lokacin da na ce mata wannan tumbin shi ne ciwon ba. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi motar Dutse ba ta jira. Na dawo ina kuka, Afra'u tana tambayata ina babanta.

Na kira Yaya Yahuza na roƙe shi. Ya ce ya yarda da likita, amma a ba shi lokaci ya lallaɓa Inna. Lokacin ne nake gudun ba mu da shi. Ki sa Malam ya taya mu da addu'a.

Taki,
Safiyatu.

Jahun,
Talata.

Yayata Murja,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Daga bencin asibiti nake rubuto miki, amma ki kwantar da hankalinki, Baban Afra'u yana raye.

Jiri ne ya kwashe shi a sahun azahar. Yaya Yahuza ya saɓo shi a kafaɗa, aka auna sukari aka tarar ya yi mummunan hawa, nan take aka ba shi gado. Da na iso na tarar da Inna a bakin gadon da raken da ta fere a cikin leda.

Likitar da ke duba shi ta tambaya ko an taɓa ciwon hanta a gidansu. Inna ta ce mahaifinsu ya yi, shi ma siriri ne haka, kuma ita ta yi jinyarsa da rake da zuma har ya murmure ya yi tumbi a karon farko a rayuwarsa. Ta ce har sadaka ta yi don murna, sai dai kwana ya ƙare bai ci moriyar sauƙin ba. Cikin ladabi likitar ta ce ba za a iya sanin abin da ya kama shi ba yanzu, amma irin wannan cikin a jikin mai ciwon hanta yawanci ruwa ne, alamar hantar ta gaza.

Yaya, ban taɓa ganin fuska ta faɗa haka ba. Inna ta kafe cikin ɗanta da ido. Ni ma abin da take tunani shi nake tunani. Aka tura shi hoto, muka zauna a benci ɗaya muna jira. Can na ji ta kama hannuna ta riƙe gam.

Ba ruwa ba ne. Kitse ne, ya ƙaru, amma an ce hantar ba ta kai inda ba ta dawowa ba. Sukarin kuwa ya zauna, sai magani da kiyaye baki. Na gode wa Allah, kuma har yanzu raina yana ɓaci in na tuna cewa da an bi maganar likita da ba a kai ga haka ba.

Yau da rana na zuba masa abinci. Inna ta ce in miƙo mata kwanon, na miƙa mata. Ta daɗe tana kallonsa. Kin san tun da na shigo gidan nan ban taɓa ganin ta taɓa kwanon ɗanta ba sai don ta ƙara. Ta sa cokali ta gutsure gefen tuwon ta mayar cikin kula, sannan ta ɗago ta tambaye ni ko haka ya yi ko a ƙara ragewa.

Ki gaishe da Malam da yara. In ƙafarki ta bari ki zo, kuma ki shirya, don sai an duba taki hantar kafin in bar ki ki koma.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Safiyatu.