Na Sauka Gaida Dattawa, Kuka Ce Ban Gama Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Hawan Keke Don Ruwan Sha, Tamale.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti.

Sunana Sulemana, ina zaune a Nyohini. Sana'ata ɗauko nono daga bayan gari in kawo wa masu fura. Ni ne mai lamba ashirin da bakwai a hawan keken da kuka shirya mako biyu da suka wuce, don a haƙa burtsatse a ƙauyen da ke gaba da Kanvili. In Alhaji bai tuna lambar ba, zai tuna keken: baƙi, mai kariyar ƙarfe ta ɗaukar kaya, wanda baƙin Ankara, babban birninmu, masu hular kwano suka kewaye suna ɗauka hoto. Karatuna bai wuce aji shida ba, a yi haƙuri da rubutun.

Kun yi alkawari duk wanda ya gama kilomita arba'in ɗin za a rubuta sunansa a katangar famfon. A takardar da kuka manna kuwa, gaban sunana an sa "bai gama ba". Shi ya sa na ce bari in faɗi yadda aka yi, a gaban kowa, tun mai fenti bai zo ba.

Na ɗaya. Ba gajiya na yi ba. Wannan hanyar kullum safiya nake bin ta da jarka biyu cike da nono. Ranar nan keken ba kaya, ji na yi kamar an kwance mini dutse daga baya. Kafin mu fita Kanvili ina cikin goma na gaba. Na wuce mutanen da kekensu da yatsa ɗaya ake ɗagawa, ina jin numfashinsu kamar zugazugin maƙeri.

Na biyu. Ku kuka bi da hanyar ta tsakiyar ƙauyen, ta gindin ɗorawar da ke ƙofar gidan Baba Mahama. Baba Mahama shi ne mai shanun da nake sayen nono a gidansa. Shi ne kuma mahaifin Ayishetu, wadda iyayena suka kai goron neman aurenta tun bara, har ranar hawan keken bai tsayar da rana ba. Ranar kuwa sunan jikansa ake yi. Dattawa sun fi goma sha biyu a kan benci da tabarmi, fuskarsu a hanya. Alhaji ɗan garin nan ne, ya san ba a wuce manya a kan keke. Baƙo zai iya, ba wanda ya san ubansa. Ni fa?

Na taka birki, na jingine keke, na cire takalmi, na tsuguna. Kowane dattijo sai ya tambayi kwana, da uwata, da kasuwa, da zafin rana, ni kuma ina ta amsa "naa, naa", yadda ake amsa gaisuwa a nan, da lamba a ƙirji. Ta ƙarƙashin hammatata ina hango waɗanda na wuce suna wucewa. Yayan Baba, wanda kunnensa ya yi nauyi, da ya kai ƙarshe sai ya koma farko, ya ce bai ji amsata ba. Ina miƙewa, Mma Sanatu, uwar Ayishetu, ta tare ni da ƙwaryar fura, ta ce wa ya taɓa barin gidan suna da busasshen baki, keken guduwa zai yi? Na sha. Aka ce in shiga in ga jariri. Na gani, yaro tubarkalla, hancin kakansa.

Na uku. Ina fitowa na tarar da motarku mai bin baya. Mutuminku mai usur ya dubi agogo, ya ce lokaci ya cika, ya cire mini lamba, ya ɗora kekena a bayan mota. Saura kilomita huɗu a kai filin makarantar da ake gamawa. Na roƙe shi, ya ce doka ce. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai wulaƙanta ni ba. Amma shi ma an miƙo masa naman suna, a gefena ya zauna yana ci har muka isa.

Abin ya yi mini ciwo, Alhaji. Ayishetu sau biyu a rana take zuwa dam ɗin da shanu ke sha ta ɗebo ruwa. Na riga na yi mata alkawari cewa in famfo ya zo, duk sanda ta ajiye bokiti za ta ga sunana. Kwana biyu ban leƙa rumfar Haruna mai gyaran keke ba, inda muke hira, don na ji sun raɗa mini Zakaran Naa. Uwata ta ce in ci tuwona, ba a kaina aka fara hawa mota ba.

Ranar Talata da na je ɗaukar nono, Baba Mahama ya sa aka kira ni. Ya ce yana zaune kekuna suka yi ta wucewa, har da 'ya'yan mutanen da ya sani, ko ɗaga hannu babu. Mutum ɗaya ne ya sa ƙafa a ƙasa. Ya ce in turo kawunnaina. Sun je, an tsayar da rana, mako biyu bayan babbar Sallah. Talatar nan, don murna, da jarka ɗaya na dawo gida, na manta ɗayar a gindin ɗorawa. Yanzu in su Haruna suka ce Zakaran Naa, amsawa nake yi.

Saboda haka ba da fushi nake rubutun nan ba. Amma alkawarin da na yi wa Ayishetu yana nan, ga kuma roƙona:

A bar ni in ƙarasa kilomita huɗun nan daga gindin ɗorawar, mai usur ya zama shaida. Na yi magana da dattawa, sun yarda in gama gaisuwa kafin a busa.

In doka ta hana, a rubuta sunana can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, daidai inda ake ajiye bokiti. Ita ba sama take dubawa ba in tana ɗiban ruwa.

Baɗi kuma, ko a zagaya da hanyar ta bayan gari, ko a ware wa 'yan gida lokacin gaisuwa. Mu da aka yi abin don ƙauyukanmu bai kamata mu zaɓa tsakanin ladabi da suna a katanga ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa a sami ruwa mai daɗi tun ba a yi nisa da haƙa ba, ya raya muku zuriya. Ina gayyatar Alhaji da mai usur ɗaurin aure. Sai dai a fito da wuri, don motarku ma a gindin ɗorawar za ta tsaya, yayan Baba kuma yana nan zaune.

Wassalam.

Naku,
Sulemana mai nono, Nyohini.