Gonar Baba Ta Zama Lakwal

Talata da dare, Madarumfa

Yau aka buɗe sabuwar lakwal, wato makarantar boko, a tsohuwar gonarmu, da kiɗa da jawabin magajin gari. Na yi tafi kamar kowa, tunda 'yata can za ta shiga.

Jiya kuwa ruwan shuka ya sauka. Da taro ya watse sai na hango Baba a bakin katanga, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Tsufa ya mantar da shi gari ya cinye gonar.

Ya ce, "Iro, wa ya tuge gambar da na dasa a iyaka?"

Na ce, "Mu je gida, Baba, ƙasa ba ta jiƙu ba tukuna."

Ya duƙa ya damƙi ƙasar, ya daɗe yana kallona. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau.