Slavar Gidanmu Ta Ƙetare Drina

Bakin Drina, ɓangaren Bosniya
14 ga Satumba, 2003

Zuwa ga mahaifina Milisav,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya idon, yaya kunnen? Mu nan lafiya lau. Matata Stamena na gaishe ka, kwana uku ke nan tana fama da gashin tattasai, duk gidan ya ɗauki ƙamshi. Kabeji ya yi kyau bana. Ƙanena Budimir kuwa ka gaishe shi in ka ga dama, ni ban aiko masa da komai ba.

Baba, da kunnenka na jin waya da ban wahalar da kai da karatu ba. Maganar ɗaya ce, ka kuma san ta. Mitrovdan ta kusa, ranar slavarmu, bikin shekara-shekara da kowane gida ke yi wa waliyyinsa, kuma bana shekara ta biyar ke nan da ba a kunna wa waliyyin gidanmu kyandir a gidan nan ba. Kai ka koya mini cewa ɗa ba ya buɗe slava da kansa muddin ubansa na raye, sai uban ya miƙa masa yankin burodin slava hannu da hannu. To ina nan ina jira. Shekarata hamsin da shida, ni ne babba, ni nake gyara rufin gidan da aka haife ka, amma ranar Mitrovdan sai in ja ƙofa in rufe kamar gidan da ba shi da asali. Maƙwabta sun daina tambaya ma, wannan ya fi tambayar ciwo.

Wata biyu ka ce za ka yi lokacin da ka ƙetare kogi zuwa gidan Budimir a Sabiya don aikin ido. Ka naɗe hoton Waliyyi Dimitriye a bargo, wai ba ku taɓa kwana a rabe ba. Ƙusar na nan a bango, ban cire ba.

Kada ka ce ai gada na nan, in zo mu yi tare. Na zo a shekarar farko, kai shaida ne. Na shigo na cire kwat zan kama hidima, sai matar Budimir, Leposava, ta jawo mini kujera tana murmushi, ta ce, "Zauna, baƙonmu na ƙetare." Baba, yaushe ɗan gida ya taɓa zama ranar slava kyandir na ci? Baƙo ke zama. Na zauna aka zuba mini abinci, Budimir na tsaye a bayanka yana cika wa mutane kofuna, kai kuma kana gani. Tun ranar ban sake taka gadar ba. Wasiƙunsa biyu da suka zo bana na mayar masa a rufe, in na ji muryarsa a waya kuma ajiyewa nake.

Wai na ƙetare. Wa ya ƙetare wa? Kogin nan dai shi ne, gwamnatoci ne ke zuwa su ba shi aiki su tafi. Zamanin Turkawa iyaka ne, zamanin Ostiriya iyaka ne, har Kaka Gvozden ya ninƙaye shi da takalmi a wuya don ya shiga sojan Sabiya. Ya dawo aka ce an zama ƙasa ɗaya. Kana saurayi Jamusawa suka zo aka sake shata iyakar, bayan shekara huɗu aka share. Da Budimir ya yi aure a can, a jirgin fito muka raka shi da makaɗa, ba wanda ya ce ya bar ƙasa. Yau ga shi mutum sai ya nuna katin shaida kafin ya gaida ubansa. Budimir ne ya tashi ya tafi, ni ban motsa ba, amma shi ne ɗan Sabiya na ainihi, ni kuma ɗan wata ƙasa.

Har kogin ma shi yake so. Tun ambaliyar da ta sauya masa hanya, gonarmu ta tsibiri ta koma ɓangarensu. A takarda tana Bosniya, a ƙafa tana Sabiya. Ina tsayawa a bakin ruwa in hango masarar da ya shuka a ciki, ta yi kyau kuwa, Allah ya sani ban ji daɗin kyanta ba.

Ba na ɓoye maka, kishinsa nake yi, tun muna yara shi ne ɗan lelenka. Gonar na bar masa. Amma slava ta gidan nan ce. Ko ka dawo da ita, ko ka miƙa mini. Ka ba ni amsa da hannunka.

Ka huta lafiya.

Ɗanka na fari,
Obrad


Bakin Drina
20 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan sanyin da ya fara shigowa bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Muna lafiya, mun gama cire masara, Stamena ta cika ganga biyu da kabeji.

Amsarka ta iso ranar Alhamis. Da na ga manyan baƙaƙen nan naka a bayan ambulan, irin rubutun da ka koya a soja, sai da na wanke hannu kafin na buɗe. Layi huɗu. Wai in zo Mitrovdan, wai kana son ganina, wai kada in makara. Maganar miƙa slava ko kalma ɗaya babu.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Yadda ka kira ni ne. Tun ina rarrafe "diyete" kake ce mini, yarona, yadda duk wani mahaluki a wannan ɓangaren na ruwa yake faɗa, yadda Mama take faɗa har ta koma ga Allah. A takardar nan "dete" ka rubuta. Dete! Guntuwar kalmar mutanen can, da suke gutsure tsakiyarta su haɗiye. Kai da kake kwaikwayonsu a kasuwar Biyelina muna dariya har da hawaye? Kai da ka ce wa Budimir in ya shigo gidan nan ya bar gutsurarren harshensa a bakin gada? Shekara biyar kacal, sun karɓe gona, sun karɓe waliyyi, yanzu har bakinka sun karɓe. Na karanta ta sau nawa ban sani ba, kowane karo sai in ji kamar uban Budimir ne ya rubuto mini, ba nawa ba.

Stamena ta karɓa ta duba, sannan ta ce tsoho mai shekara tamanin da ɗaya ba ya sauya harshe, in je in ga abin da ake ciki. Na ce mata ba ta san Leposava ba, wannan ko jaki ta zauna da shi wata shida sai ya yi kuka irin na mutanen garinsu Shabats. Ba ta yi dariya ba. Kwana biyu ke nan tana ajiye mini abinci ba magana.

To zan zo, amma ka ji da kyau. Ba zan kwana biyu ba, ba kuma zan zauna a kujerar kowa ba. A gaban fada, limamin coci, da baƙin Budimir zan tambaye ka wa za ka miƙa wa, ka faɗa da bakinka kowa ya ji. In ni ne, in ɗauki hoton in wuce. In shi ne, in san matsayina in daina wahalar da mai kai wasiƙa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Obrad


Gidan Budimir, kusa da Shabats
11 ga Nuwamba, 2003

Zuwa ga matata Stamena,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ina fatan kina lafiya, da dabbobi, da bayanki da kike kuka da shi. Ni lafiyar jiki ƙalau. Na san kin tsaya jirana tun ranar Lahadi. Na ɗauki waya sau biyu na ajiye, ba zan iya faɗar wannan da baki ba.

Ke ce da gaskiya. Baba bai rubuta takardar nan ba. Tun watan Mayu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin ya karkace, ba ya magana, hannun ko cokali ba ya riƙewa. Abin da ke cikin wasiƙun nan biyu da na mayar a rufe ke nan. Budimir ya ce da ya rasa yadda zai yi, sai ya zauna ya kwaikwayi rubutun Baba, don ya san shi kaɗai zan buɗe. Bai saka maganar ciwon ba, wai yana tsoron in ce su suka jawo. Baƙaƙen ya kwaikwaya tsaf, harshen ne ya manta, shekara ashirin da biyar a nan sun cinye masa "diyete" bai ma sani ba. Ni kuma na zauna ina yi wa mara lafiya faɗa a kan kalma. Duka wasiƙuna biyu shi ya karanta, Stamena, har da maganar jakin. Bai tayar mini da ita ba, Leposava ma haka.

Da na shiga ɗakin na tarar da Budimir a durƙushe yana shafa wa Baba mai a ƙafa. Ya rame, furfura ta fi tawa. Shi ke ɗaga shi, shi ke wanke shi, shi ke juya shi sau shida a yini don kada bayansa ya yi gyambo. Ni da na shigo da jawabina a shirye tun daga gada, sai na haɗiye abina.

Ranar Asabar aka yi slava. Aka zaunar da Baba a kujera kusa da kyandir, fada ya yanka burodin, ya zuba ruwan inabi, Budimir ya tura ni gaba wai ni ne babba, ni zan juya burodin tare da fada, yadda al'ada take. Na juya, na sumbata. Sai fada ya ce shekaru sun ja, gara a yi abin da ya kamata tun tsohon na gani. Ya ɗora yankin burodin a hannun Baba na hagu, mu biyu muka durƙusa a gabansa. Baba ya dube ni ya daɗe, kallon da ake yi wa mutumin da aka taɓa gani a wani wuri. Sannan ya juya, ya sa burodin a tafin Budimir ya danne.

Budimir ya fashe da kuka, ya raba yankin biyu ya miƙo mini rabi, ya ce, "Yaya, bai san abin da yake yi ba." Ya sani sarai. Hannun da ke wanke shi ya sani. Na karɓa na ci, amma daga hannun ƙanena ya fito, ba daga na Baba ba.

Washegari da safe Budimir ya sauko da hoton Waliyyi Dimitriye da kansa, ya naɗe, ya ce in kai shi gida, slava ai ana iya yin ta a gida biyu. Kunya ba ta hana ni karɓa ba, kin san mijinki. Na hau mota har gada. A can wani ma'aikacin kwastan, mai ladabi kuwa, ya buɗe ƙullin, ya juya allon hoton ya duba bayansa, ya ce wannan ya haura shekara ɗari, kayan tarihin Sabiya ne, ba ya fita sai da takardar izini daga Belgired. Na ce masa kakan ubana ya saye shi a ɓangarenmu tun Turkawa na nan, ƙusarsa ma na bangona, ga rufin gidanmu can ana hangowa. Ya ce, "Na yarda, ɗan'uwa, duk mu ɗaya ne. Amma nan iyaka ce." Na tsaya rungume da waliyyi motoci na wuce ni, sannan na juyo. Leposava ta buɗe mini ƙofa, ta ga abin da ke hannuna, ta ɗora ruwan kofi.

Takardar izinin za a iya nema, Budimir ya ce zai bi. Na ce ya bari tukuna. Me zan yi da allo a bango alhali mai allon bai san ni ba?

Jiya da rana na ce a ba ni miyar in ba shi. Na zauna a bakin gado, na hura, na kai cokalin bakinsa. Ya datse leɓe ya kau da kai. Na sake, ya sake. Na ce, "Baba, ni ne, Obrad." Idonsa na kan ƙofa. Budimir ya shigo ya karɓi cokalin nan dai, miyar nan dai, Baba ya buɗe baki har da ɗago kai. Na fita ta ƙofar baya na tsaya wajen aladu. Kishin da na yi shekara biyar ina yi ashe wasa ne, Stamena, yanzu na san na gaske. Ba kuma wanda zan kai ƙara, ni na yi wa kaina.

Saboda haka kada ki jira ni. Ki ba direban motar Biyelina babban kwat ɗina da takalman sanyi da maganin hawan jinina. Ki roƙi maƙwabci ya taya ki yankan alade, ki ba shi cinya. Yau Budimir ya koya mini yadda ake juya shi ba a taɓa kafaɗar ba, gobe zai koya mini wankan. Cokalin kuwa kullum zan gwada, safe da rana. Likita ya ce ba lallai Baba ya ga bazara ba. Ba zan taka gadar nan ba sai ya buɗe mini baki ko sau ɗaya ne.

Ki gaida duk wanda ya tambaye ni. Ki kula da kanki.

Mijinki,
Obrad