Birkin da Ba Ya Son Mai

Litinin

Zuwa ga Autata,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikata, amaryata mai haƙora biyu. Mu nan sai godiya. Gwiwa tana ta sauƙi, in ban da da sassafe da take ɗan yi mini tsiya. Na ga kiranki, amma kin san ni da waya: kafin in kai tsakiyar zance kin katse ni da tambayar ko na sha magani. Shi ya sa na ɗauko biro, don takarda ba ta katse mutum.

Saƙonki ya iso. Da direba ya sauke kwalin, Mamanki ta ɗauka firij ne, har ta fara share masa wuri a falo. Da na yanke igiya ta ga taya ta leƙo, sai ta ajiye tsintsiya ta ce dama ta san ke 'yar babanki ce.

Auta, shekara arba'in da ɗaya ina gyaran keke, ban taɓa riƙe irin wannan ba. Ja ne wur, tayoyinsa masu kauri da ƙuraje kamar na tarakta, amma da hannu ɗaya na ɗaga shi. Sai dai tsirara aka aiko shi: ba madigadi, ba kariya, ko ƙararrawa babu. A gaba yana da shokozoba irin ta babur. A baya na ƙirga faifan giya goma sha ɗaya, babban cikinsu ya kai murfin tukunya. Wannan na ragwaye ne, ba zan taɓa shi ba. Birkin ma ba roba ce ke kama bakin wili ba, wani ɗan faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya. Na daɗe a tsugunne ina kallonsa, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya burge ni.

Na san abin da ya sa kika saya. Tun da na faɗi a lambu aka yi mini aikin gwiwa, Yayanki ya karɓe makullin wurin, ya ce hawan tudun da lambun yake samansa ya fi ƙarfina, zai ba wani wurin ya riƙa nomawa. Ke kika shiga tsakani har ya yarda cewa in na kai kaina sama a kan keke ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba, ba wanda ya tura ni, ba wanda ya goya ni, zai maido mini da makullina. Bishiyoyin nan da hannuna na dasa su. Mangwaron bakin ƙofa ranar da aka haifi Yayanki na sa shi a ƙasa, gwaibar kusa da rijiya kuma taki ce. In aka raba ni da su ban san abin da zan riƙa tashi dominsa da safe ba.

Kin ce in kai wa Dogo ya haɗa mini. Wannan kam a'a. Shekara tara yana ƙarƙashina, ni na koya masa riƙe sifana. Ya tashi ya buɗe shagonsa a tsallaken titi don wai yana son gyaran kekunan zamani, na ce masa kayan wasan yara ne, kuma ƙafata ba za ta taka shagonsa ba. Yau shekara goma sha biyu ban karya maganata ba. Littafin da ya zo a kwalin ma na ba Mamanki ta tokare ƙafar tebur da shi.

Ki shafa mini kan amaryata.

Ni ne naki,
Babanki

Alhamis

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gida, ya aiki? Muna lafiya, har da ni, ko da Mamanki ta riga ni ba ki labari ta ƙara masa gishiri.

Na haɗa keken a tsakar gida, a kan tsohon buhu. Na ɗaura kan, na sa tayar gaba, na daidaita sirdi. Fedar hagu da ke ɗauruwa ta baya, wadda ke ba sababbin hannu kunya, ko kallonta ban yi ba ta shige. Notinsa duk masu rami ne, sifanata ba ta kama ko ɗaya ba, sai da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da aka sako a leda. Na ba tayoyin iska har sai da na ƙwanƙwasa su da yatsa suka yi ƙara kamar ganga, yadda na saba. Maƙwabcinmu tela ya bar ɗinkinsa ya zo kallo, na cika masa baki son raina.

Da na juya tayar gaba sai na ji faifan birkin yana ɗan kuka, ƙii, ƙii. Ke shaida ce, a shagona ƙarfe ba ya kuka ya kwana. Na ɗauko gwangwanin baƙin maina mai dogon baki, na ɗiga wa faifan gaba, na ce kada na baya ya ji haushi, shi ma na ba shi rabonsa. Kuka ya ɗauke ɗif. Tela ya ce lallai gwani gwani ne.

Jiya da hantsi na fita gwaji. A kan kwalta sai dai ki ce iska ce ke ɗauke da ni. Na yi shekara guda ban ji daɗi irin wannan ba, har na kama kaina ina dariya ni kaɗai. Sai na karya ta gangaren bayan makaranta, mai tsakuwa. Tayoyin nan da na cika suka fara tsalle da ni, haƙorana suna haɗuwa. Na matse birki, keke bai san ina yi ba. Na matse duka biyun da iyakar ƙarfina, ya ci gaba da tafiyarsa. A ƙasan gangaren akwai shingen gidan malamar makarantar, can na ƙare, ni da keke da zanin gadonta da ta shanya.

Kada hankalinki ya tashi. Gwiwar ba ta taɓu ba, 'yar ƙujewa ce a gwiwar hannu. Malamar ta zare ni daga cikin zanin gado tana yi mini sannu, tana danne dariya har hawaye na zubo mata. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne da na iso gida ina jan keke, na tarar Mamanki ta zaro littafin daga ƙarƙashin tebur ta buɗe. A shafi na uku an zana gwangwanin mai sak irin nawa a kusa da faifan birki, an ja masa jan layi. Ta ajiye mini shi a kan matashina.

Na wanke faifan da sabulu har sau uku, birki bai dawo ba. Saura kwana tara. Don Allah kada Yayanki ya ji wannan.

Naki,
Babanki

Lahadi

'Yata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidanki. Na samu saƙonki, kuma na gode da ba ki ce kin faɗa mini ba, ko da yake na jiyo shi a tsakanin layukan.

Kwana biyu ina zagaya keken nan kamar mai jinya. Na auna maganata ta shekara goma sha biyu, na auna lambuna, na ga bishiya ba ta san girman kai ba, ruwa kawai take jira. Jiya na ja shi na tsallaka titi. Titin nan bai fi taku ashirin ba, amma sai da na yi gumi.

Dogo yana durƙushe yana ɗaure wili. Auta, ashe har furfura ta fito masa a gemu, 'ya'yansa biyar. Yana ɗago kai ya gan ni ya saki abin da ke hannunsa, ya goge hannu a riga, ya russuna har ƙasa yana ce mini Maigida, kamar jiya muka rabu. Ya ba ni kujerarsa. Na shirya jawabi tun daga gida, amma duk ya gudu, sai kawai na nuna masa birkin.

Ya shafa faifan, ya shinshina yatsansa. Na ga ya gane man, don shekara tara yana cika wannan gwangwanin. Na jira dariya, ba ta zo ba. Cewa ya yi shi ma da ya fara ya yi wannan kuskuren, kuma hannun da ya saba tausayin ƙarfe ne kaɗai ke yin sa. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko rufa mini asiri ya yi. Ya bayyana mini cewa 'yan ƙananan takalman da ke damƙe faifan sun riga sun sha mai, ba wankin da zai fitar da shi. Ya canza su, ya goge faifan da wani ruwa mai ƙaurin asibiti. Kukan da na ji kuwa, wai gidan birkin ne ya ɗan karkace, noti biyu ya kwance ya saita, shi ke nan.

Daga nan ya bi keken kaf. Ya rage iskar taya kusan rabi, ya ce a kan duwatsu taya mai laushi ce ke riƙe ƙasa. Ya sa na hau ya ga yadda shokozoba ta nutse, ya ƙara mata iska daidai nauyina da wani famfo ɗan mitsitsi. Da ya zo kan sirdi sai ya ce in ɗora dunduniya a kan feda in miƙe ƙafa. Wannan koyarwata ce, da bakina na faɗa masa yana saurayi. Na kawar da kai na yi kamar ƙura ta shiga mini ido.

A kan giya ce kawai muka yi musu. Ya ce gwiwata ba za ta ɗauki hawan da nake yi a tsaye a kan feda ba, in zauna in sa babban faifan. Na ce masa da ƙarfi namiji ke hawan tudu. Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Ya ɗaura mini ƙararrawa da kariya daga shagonsa, ya kuma ce ranar Asabar zai rufe shago ya bi ni a baya, ba zai taɓa ni ba.

Ki taya ni da addu'a.

Babanki

Asabar da yamma

Autata, farin cikina,

Gaisuwa a gurguje yau, ki yi haƙuri. Makullin lambu yana aljihuna, ina jin nauyinsa ina rubutun nan.

Mun fita da sanyin safiya, na sa hular kwanon da kika aiko duk da Mamanki ta ce na yi kama da kunkuru. Yayanki ya riga mu hawa a kan babur. Rabin farko lafiya lau, tayoyin suna taka duwatsu kamar ana shimfiɗa mini tabarma. Da muka kai kwanar da ke da babban dutse, inda tudun ke miƙewa, halina ya motsa. Na tashi tsaye na danna feda, gwiwa ta ɗauki wuta. Keke ya fara tangaɗi, na ga ƙafata tana neman ƙasa, kuma in ta taɓa an gama. Sai na ji Dogo daga baya yana cewa Maigida ya zauna ya saurari keke, kada ya yi kokawa da shi. Maganata ce, ita nake faɗa masa kullum in yana murɗa noti da ƙarfin tsiya.

Na zauna. Na danna ɗan maɓallin da babban yatsa, tak, tak, tak, har sarƙa ta hau murfin tukunyar nan da na rantse ba zan taɓa ba. Ƙafa ta yi sakayau. Ina ta juya feda kamar mai tsere, keke kuwa yana tafiyar hawainiya. Wata tsohuwa da ke hawa da tulu a ka ta jera da ni, muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce bari ta yi gaba tana sauri. Dogo ya kusa faɗowa don dariya. Amma ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba sai a gindin mangwaro.

Yayanki yana tsaye a wurin. Na shirya masa baƙar magana tun daga ƙasa, sai na ga idonsa ya yi ja. Ya miƙo makullin da hannu biyu. Ya ce ranar da na faɗi, shi ne ya same ni kwance kusa da rijiya bayan awa huɗu ana nemana, shi ya goyo ni har ƙasa, kuma duk hanyar yana kirana ba na amsawa. Auta, ban san wannan ba, ban farfaɗo ba sai a asibiti. Ni ina ganin ɗana ya raina ni, ashe tsoro ne ya hana shi sakat. Kuma duk watannin nan shi ke hawa kafin ya tafi aiki yana ba bishiyoyin ruwa. Gwaibarki ta yi 'ya'ya har reshe ya sunkuya. Na yi masa alkawarin waya ba za ta bar aljihuna ba, kuma zai cika.

Da muka huta sai ya riƙa shafa keken, ya ce ko zai ɗan taɓa. Shekara ashirin rabonsa da keke, ga tumbi. A filin da ke tsakanin bishiyoyi ya hau yana karkarwa, yana cewa Baba ka riƙe, kada ka saki. Na kama bayan sirdi na ɗan bi shi da ɗingishina, kamar lokacin da yake ɗan shekara shida a ƙofar shago. Har ya zagaya rijiya ya dawo yana ce mini kada in saki, bai san tun a gindin mangwaro na sake shi ba.

Direba zai kawo miki gwaiba ranar Talata. Na farko da na tsinka na Dogo ne, na haɗa masa da akwatin sifanata, wanda ya kamata in ba shi tun ranar da ya buɗe shago. Gwangwanin mai kuwa Mamanki ta ɓoye shi, ta ce sai na nuna hali na gari.

Allah ya yi miki albarka, ya sa naki su yi miki fiye da haka.

Ni ne mai alfahari da ke,
Babanki